Makamai, Kayan Sana'a da Kayan Addini a Matsayin Shaidar Tarihi: Nazari Daga Ƙasar Wudil

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi maganar madogarar tarihin ƙasar Hausa, abubuwa biyu ne sukan fara zuwa zuciyar ɗalibi, watau rubuce-rubucen malamai da labaran baka. Amma akwai madogara ta uku wadda ba a cika kula da ita ba a sashenmu, ita ce kayayyakin da mutanen da suka ƙera, ko suka ɗinka, ko suka rubuta, suka yi amfani da su, suka mutu suka bar su. Tsohon takobi da ke rataye a zaure, da garmar da aka jingine a bayan rumbu, da gafakar da ke ƙunshe da Alƙur'ani rubutun hannu, kowannensu yana da abin da zai faɗa wa mai nazari.

A wannan maƙala za a dubi irin waɗannan kayayyaki a ƙasar Wudil da kewayenta, tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa zuwan Turawa a 1903. Manufar ita ce a nuna cewa makami da kayan sana'a da kayan addini ba su rabu da juna a rayuwar mutanen da ba, hannu ɗaya ya yi su, buƙata ɗaya ta haɗa su. Sa'an nan za a nuna cewa kaya ba ya zama shaida sai an san sunansa da labarinsa, wanda kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe.

2.0 Dalilin Zaɓen Wudil

Wudil tana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogin da ke gangarawa Haɗeja. Wurin mashigi ne, ga kasuwar shanu da ta yi suna, ga masunta, ga manoma. Gabas da ita akwai Gaya, inda labarin baka ya ce daga can maƙeran nan Abagayawa suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, saboda haka ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki.

Ta fuskar sarauta kuwa, ƙasar Wudil mazaunin Fulani Joɓawa ce, waɗanda shugabansu Malam Bakatsine na Utai yana cikin jagororin jihadi a Kano. A hannunsu sarautar Makama ta zauna, Makama kuwa ɗaya ne daga cikin masu zaɓen sarki huɗu, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da Turawa suka tsara gundumomi, suka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, Wudil ce ta zama mazaunin Makama. Shi kuwa Gidan Makama na cikin birni, wanda ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, shi ne ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Dalili na uku, wanda ya fi muhimmanci ga wannan nazari, shi ne cewa a ƙarni na 19 kudancin wannan yanki bakin daga ne. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa saboda saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, garuruwa irin su Sumaila da Takai da Birnin Kudu da Rano ba su huta da harin Ningawa ba, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Haka kuma lokacin Basasa, wadda ta tashi a 1893, a Takai Yusufawa suka yi sansani, a Garko kuma Yusufu ya rasu aka miƙa jagoranci ga Alu. Ke nan mutumin wannan yanki ya rayu da fartanya a hannu ɗaya, baka a ɗayan.

3.0 Makamai

3.1 Makaman dakaru

Yawancin mayaƙan ƙasar Hausa 'yan ƙasa ne, watau dakaru, kuma babban makaminsu baka da kibiya. Kowane ɓangare na wannan makami da sunansa: tsirkiya ita ce igiyar baka, kwari shi ne gidan kibau, jikin kibiya kyauro ne, bakinta kuwa ƙarfe ne mai kunnuwa, domin idan ta shiga jiki ta ƙi fita. Ƙarfin kibiya yana ga dafinta, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani, kuma kowane gidan maharba da irin nasa haɗin da ba ya faɗa wa bare. Ban da baka akwai mashi, da asigiri wanda dukkansa ƙarfe ne, da kansakali, da barandami, da gatari, da kulki.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan kayan farauta ne da kayan daji. Maharbin da ke bin gada da rani shi ne ɗan baka idan an buga gangar yaƙi. Wannan ya sa talaka bai dogara ga sarki wajen samun makami ba, kuma da irin waɗannan makamai ne jama'ar Shehu, waɗanda dawakinsu kaɗan ne a farko, suka karya rundunar Gobir a Tafkin Kwato a 1804.

3.2 Makaman barade

Doki da kayansa na masu hali ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali da Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410). Lifidi riga ce ta tufa mai ruɓi wadda aka cusa wa auduga ko rimi aka ɗinke, ana sa wa doki, ana sa wa mahayi. Amfaninta shi ne ta riƙe kibiya kafin dafi ya kai ga jini. Illarta kuwa nauyi da zafi, ɗan lifida idan ya faɗo daga doki ba ya iya tashi sai an taimaka masa, ga kuma tsoron wuta. Sulke shi ne rigar da aka saƙa da ƙananan zobba na ƙarfe, yawancinsa daga ƙasashen gabas da arewa ya zo, saboda haka yana da tsada, ana gadonsa. A. D. H. Bivar, a littafinsa na 1964 a kan makaman Arewa, ya bincika sulkuna da takubban fadoji da dama, ya nuna yadda ake gane asalinsu daga ƙirar zobba da tambarin maƙera.

Takobi shi ne misali mafi kyau na haɗuwar nesa da kusa a kaya ɗaya. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, galibinsu ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus. A Kano ake yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, a sa hamila, sa'an nan a sake fitar da su zuwa wasu ƙasashe. Ke nan wanda ya riƙe tsohon takobi yana riƙe da aikin Bature da na Bahaushe da fataucin Balarabe a lokaci guda.

3.3 Bindiga

Littafin tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zuwan Dagaci daga Barno a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15. Ya kuma ce an shigo da bindigogi da garkuwoyin Nupe a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), sa'an nan Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Duk da haka bindiga ba ta kori baka ba. Bindigar ɗuri tana cin lokaci kafin a sake ɗura ta, albarushi yana jiƙewa da damina, ita kanta takan fashe a hannun mai ita. Sarakuna kuma sun fi son ta zauna a hannun bayinsu. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta yawaita, amma ko a lokacin ba ta kama ƙafar igwa da bindiga mai ruwa da Kanar Morland ya zo da su ba, ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da aka ci Kano. Daga wannan rana lifidi da sulke suka tashi daga kayan yaƙi suka koma kayan hawan Salla.

4.0 Kayan Sana'a

Ba a fahimtar makami sai an shiga maƙera. Kayan aikin maƙeri kaɗan ne: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zugazugi, da gawayin ƙirya wanda ya fi kowane gawayi riƙe wuta. Akwai maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da gaci. Na farkon su ke ƙera garma da fartanya da sungumi da lauje da magirbi ga manomi, gizago ga masassaƙi, ƙugiya ga masunci, aska ga wanzami. Su ne kuma ke ƙera bakin kibiya da mashi da linzami da likkafa. Shekarar maƙeri ta kasu kashi biyu, gabanin damina kayan noma, bayan kaka kuwa, lokacin da rundunoni ke fita, kayan yaƙi. Ƙarfe kuma ba a yar da shi. Garmar da ta cinye akan mayar da ita wuta ta fito wuƙa ko bakin kibiya, shi ya sa tsofaffin kayan noma suka fi takubba wuyar samu a yau, ko da yake a da sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Haka abin yake ga sauran masu sana'a. Majemi ya jeme fata, baduku ya ɗinka ta, daga hannunsa kube da kwari da sirdi suke fitowa, daga hannunsa kuma gafaka da tadarishi da rufin laya suke fitowa. Masaƙi da maɗinki su suka yi rigar ango, su suka yi lifidi. Saboda haka idan gidan tarihi ya ware ɗakin yaƙi daban, ɗakin sana'a daban, ɗakin addini daban, ya yi haka ne don sauƙin mai kallo. A rumfar mai sana'a a tabarma ɗaya aka yi su.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya kawo sauyi babba. Tarkacen ƙarfen Turawa ya yi arha, aka daina wahalar haƙar tama da narka ta, cikin 'yan shekaru ilimin gina rahoniya ya tafi tare da tsofaffin da suka san shi. Ƙira ta ci gaba, narki ya mutu, kalmominsa kuma suka bi shi.

5.0 Kayan Addini

Kayan karatu da na ibada sanannu ne: allo, alƙalami na gamba ko na kara, tawada ta zige da ƙaro, buzu, carbi, shantali, da allon zayyana na mai sauka. Alƙur'anin da aka rubuta a wannan ƙasa warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke shi, ana ɗaure shi a tadarishi a sa a gafaka. Rubutunsa reshe ne na rubutun Magrib, ƙira'arsa Warshu ce. Takardarsa kuwa, idan aka ɗaga ta a haske, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata guda uku, wadda ke nuna daga Italiya ta zo ta hanyar Tarabulus ko Masar. Da irin wannan alama ake kimanta shekarun littafin da bai da kwanan wata.

Inda kayan addini suka haɗu da makami shi ne a jikin mayaƙi. Ba wanda yake fita daga da ƙarfe kaɗai. Akwai laya, da kambu a dantse, da guru a ƙugu, da rigar yaƙi wadda aka rubuce ta da ayoyi da hatimi ko aka jera mata layu, da rubutun sha, da maganin ƙarfe. Wasu daga malamai suka fito, wasu daga bokaye, wasu kuma gaurayen biyun ne. A wurin mai su, rigar layu da sulke aiki ɗaya suke yi. Ita ma tuta haka take. Ƙyalle ne a kan sanda, amma ita ce izinin Shehu ga wanda ya karɓe ta, har sarauta guda a Kano take ɗauke da sunanta. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru, wadda Turawa suka ɗauke a Burmi a 1903, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato.

Labarin Dirki ya isa misali a kan wannan gauraye. Abu ne da aka naɗe da fatu, sarakunan Kano na Haɓe suna yi masa yankan shanu don neman nasara da tsarin gari. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Alwali, na ƙarshensu, ya gaji da yankan, ya sa aka sare shi da gatura, sai aka sami Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce za a kore shi kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga cikin Dirki, aka kuwa kore shi a 1807. Ko mai karatu ya ɗauki labarin yadda yake, ko ya ɗauke shi a matsayin fassarar da aka yi wa abin da ya riga ya faru, darasin ɗaya ne. Littafi ɗaya ya zama abin karatu a hannun wasu, ya zama abin tsafi a hannun wasu. Kallon kayan kawai ba zai gaya mana wanne ne ba, sai labarinsa.

6.0 Kwatanci da Iyakokin Daular Sifen

Domin kada a ɗauka wannan hali na ƙasar Hausa ne kaɗai, yana da kyau a dubi wani bakin daga mai nisa. A 1492, zamanin da Rumfa yake sarautar Kano, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi, a shekarar ne kuma jiragen Sifen suka isa nahiyar Amurka. Da mulkinsu ya kai arewacin Meziko, suka jera ƙananan garuruwan tsaro a bakin iyaka, suka zuba musu sojoji da iyalansu, kusa da majami'u da gonaki. Wannan tsari ya yi kama da ribaɗi, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa, har shi kansa ya zauna a Wurno ya rasu a can a 1837.

Sojan wannan iyaka kibiya yake fuskanta, kamar baraden Kano. Sai ya ajiye rigar ƙarfe ta Turai ya ɗauki rigar auduga mai ruɓi irin ta mutanen Meziko, daga baya kuma rigar fata mai ruɓi har bakwai, wadda dokar sarkin Sifen ta 1772 ta tabbatar a cikin kayan soja. Wannan ƙanwar lifidi ce ko da ba su taɓa haɗuwa ba, matsala ɗaya ce ta haifi dabara ɗaya. Garkuwarsa ta fata sunanta adarga, daga kalmar Larabci addaraƙa, gadon Andalus. A wuyansa kuma akwai gicciye da hoton waliyyi, a gurbin da baraden nan suke rataya laya. Bambancin da bai kamata a manta ba shi ne, wancan baƙo ne da ya ƙetaro teku ya mamaye ƙasar wasu, rikicin Kano da Ningi kuwa na maƙwabta ne.

7.0 Abin da Harshe Ya Riƙe

A nan ne aikin ya zama namu. Sunayen kayan nan suna ɗauke da hanyar da suka biyo. Bindiga da albarushi da harsashi daga Larabci suke, haka allo da alƙalami da laya, wadda asalinta aya ce. Lifidi ana danganta shi da kalmar Larabci ta libdu, takobi kuwa muna tarayya da Buzaye a kansa. Amma baka da kibiya da mashi da fartanya ba su nuna alamar aro daga Larabci ba. Wannan rabuwa ta dace da abin da tarihi ya nuna, watau makaman talaka tsofaffi ne a ƙasa, na fada kuwa da yawansu fatauci ne ya kawo su.

Wasu kalmomin sun rayu bayan kayansu sun kau, sai dai ma'anarsu ta gusa. Muna cewa mota mai sulke, muna cewa garkuwar jiki, muna cewa an ja daga ko a fagen siyasa. Yaron yau idan ya ji garkuwa, satar mutane ce take fara zuwa masa, ba fatar da barde yake tare mashi da ita ba. Mai cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ya san linzami, amma nawa ne daga cikinmu za su bambanta kutufani da kunkeli, ko asigiri da mashi, idan aka ajiye su a gabansu? Kalmar da ta rabu da kayanta takan zauna a ƙamus kawai, kayan da ya rabu da sunansa kuma yakan zama tarkace.

8.0 Kammalawa

Kayan fada suna da masu kula da su. Tagwayen masu na Kano, da Gajere na Katsina, da takobin da ake danganta wa Bayajida a Daura, duk suna hannun da ya san darajarsu. Hawan Salla na Kano, inda ake ganin 'yan lifida da 'yan sulke, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2024. Akwai kuma doka tun 1953, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, masu hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Waɗanda ke cikin hatsari su ne na gidajen talakawa: kwarin da gara take ci, da kundin da ɗaki yake yi wa yoyo, da uwar maƙerar da magada za su sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Shawarar da za a bayar ita ce, ɗalibin da ya fito daga Wudil ko Garko ko Sumaila ko Gaya, idan ya tashi zaɓen batun kundin digirinsa, ya fara da gidan maƙera ko na maharba ko tsangayar garinsu. Kada ya raba kaya da masu shi. Ya nemi izini, ya ɗauki hoto, ya auna, ya rubuta sunan kayan da sunan kowane ɓangare nasa yadda masu shi suke faɗa, da wanda ya yi shi, da hannayen da ya bi, da kirari ko karin maganar da ke tattare da shi. Ya kuma bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Ƙarfe yana iya jiran shekara ɗari a ƙasa, amma tsohon da ya san sunansa ba zai jira ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.